Tambayoyi da amsoshi kan binciken jami'a ga Hausawan Legas: kwamfutar manyan ma'aikatu, gyaran birni da kimiyyar dabbobi

Shekarun da na yi ina zirga-zirga tsakanin Agege da Akoka, inda Jami'ar Legas take, sun sa an mayar da ni wurin tambaya. Wani ya tare ni bayan sallar Juma'a, wani ya aiko ƙaninsa har shago, wani kuma dattijo ne a kasuwar shanu wanda ɗaliban jami'a suka ishe shi da takardu. Tambayoyin ba su cika canzawa ba, shi ya sa na tara su wuri guda. Fannoni uku ne suka fi yawo a bakin yaranmu, kuma a kansu na tsaya.

Me ake nufi da bincike a jami'a, me ya raba shi da karatun aji?

A aji malami yana ba ka amsar da aka riga aka sani, kai kuma ka mayar masa ranar jarrabawa. A bincike kai ne za ka kawo tambayar da ba a gama amsa ta ba, ka faɗi hanyar da za ka bi, ka tattara hujja, sannan ka tsaya gaban malamai su yi ta neman inda hujjar ta yi rauni. Furojet ɗin shekarar ƙarshe ta digirin farko gwaji ne kawai, kamar yaro ya fara riƙe sanda a bayan garke. A digiri na biyu ake so ka nuna ka iya aikin da kanka. A digiri na uku, wanda muke kira digirin digirgir, dole ka ƙara wa fannin wani abu da babu shi kafin zuwanka, komai ƙanƙantarsa.

Me ya haɗa kwamfuta, birni da dabbobi? Ai hanyarsu ba ɗaya ba ce.

A takardar jami'a hanyarsu daban, kowanne da tsangayarsa. Amma ka bi tirela ɗaya ta shanu daga kasuwar Potiskum ko Maigatari har mayankar Oko-Oba a Agege, za ka ga ba su rabu ba. Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Yadda saniya ke ramewa a tsaye cikin mota, ƙishirwa da raunin da ƙaho ke yi mata, wannan aikin masanin dabbobi ne. Inda tirelar za ta tsaya, cunkoson da take haddasawa, jini da kashin da ke bin kwata zuwa rafi, wannan na masanin birni ne. Kuɗin da mahauci ya tura wa fatoma ta waya, fatoma ya cire la'ada ya tura wa mai shanu a Yobe kafin magariba, wannan yana bi ta cikin manyan kwamfutocin bankuna, kuma akwai masu binciken da ba su da aiki sai wannan.

A ƙarshen watan Fabrairun 2021, da 'yan kasuwar shanu da na kayan gwari suka dakatar da kawo kaya Kudu na 'yan kwanaki, kowa a Mile 12 ya ga yadda farashin tumatir da nama ya tashi. Abin da ya faru a makon nan kaɗai ya isa a yi kundi uku a tsangayoyi uku.

Wannan fannin kwamfutar manyan ma'aikatu, ba irin aikin Computer Village ba ne?

A'a. A Computer Village ta Ikeja ana saye da sayarwa da gyaran na'ura ɗaya ɗaya. Wannan fanni kuwa yana duba tsarin da ke riƙe da ma'aikata gaba ɗaya: banki mai rassa ɗaruruwa, kamfanin siminti, hukumar kwastam a Apapa, asibitin koyarwa. A irin waɗannan wurare ana so abin da aka rubuta a sito ya yi daidai da abin da akanta yake gani da abin da manaja zai sa wa hannu, a lokaci guda, ko da mutum dubu ne ke aiki a kai. Manhajojin da ke wannan aiki su ne irin su SAP, Oracle da Odoo. Bankuna kuma suna da nasu, kamar Finacle, Flexcube da T24.

In kana son misali na gida, tuna littafin bashi na babban ɗan kasuwa a Mile 12. Yaro uku suna karɓar kuɗi, littafi ɗaya ne. In biyu suka rubuta a lokaci guda, ko aka ɗauke littafin ana tsakar rubutu, lissafi ya rikice. Rabin ilimin rumbun bayanai a kan wannan matsala yake: ko dai a kammala rubutun gaba ɗaya, ko a soke shi gaba ɗaya. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi a POS ba su isa ga mai kaya ba, ya ɗanɗani abin da ke faruwa in wannan ƙa'ida ta karye a tsakanin bankuna biyu.

To me ya rage a bincika a nan, tunda manhajojin duk daga waje ake kawo su?

Abin da ya rage ya fi abin da aka yi. An ƙera yawancin manhajojin ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa kuma kowa yana da adireshi. Yadda za su yi aiki a inda janareta ne gatan ofis, wannan tambayarmu ce, ba wanda zai amsa mana ita daga Jamus. Kuma ba gaskiya ba ne cewa komai na waje ne. Tsarin tura kuɗi nan take na NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, ya fara aiki a 2011, lambar BVN ta zo a 2014, asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya ya kankama a 2015 a kan Remita, wadda kamfanin gida ne ya ƙera ta.

Abubuwa uku na kwanan nan sun ba ɗalibai abin yi. Na farko, ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya a dare ɗaya, manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin, ƙananan kamfanonin POS suka cika kasuwa. Na biyu, ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, har da MainOne, WACS da SAT-3, aiki ya tsaya cak a wurare da yawa. Daga nan tambayar ta taso da ƙarfi: me ya sa bayanan kamfanin da ke Ikeja sai sun je Turai sun dawo, alhali akwai manyan rumbunan ajiyar bayanai a Oregun da Lekki? Na uku, rikicin ƙungiyar ASUU da gwamnati kan manhajar biyan albashi ta IPPIS, har malaman suka ƙera tasu mai suna UTAS. Yana cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin wata takwas a 2022. A ganina babu darasin da ya fi wannan nuna cewa manhajar ma'aikata ba lissafi kawai ba ce, magana ce ta wa ke da iko a kan wa.

“Birni mai ɗorewa” ba wani sabon suna ba ne da aka raɗa wa rusau?

Wannan tambaya daga bakin tsohon ɗan acaba na fara jin ta, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda aka hana shi aiki a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da sassan tsibiri daga 1 ga Yunin 2022, ko wanda ya ji labarin yadda aka share unguwar talakawa ta Maroko a watan Yulin 1990, yana da dalilin zargin duk wata kalma mai daɗi da ta fito daga ofis. A takarda ma'anar ita ce birnin da zai ba mazauna gida, ruwa, sufuri da iska mai kyau ba tare da ya cinye rabon jikoki ba. Shi ne muradi na 11 cikin muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015.

Abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne, da yawa daga masu sukar rusau da hujja malaman jami'a ne. A Jami'ar Legas akwai cibiyar nazarin gidaje da ci gaba mai ɗorewa, kuma Farfesa Taibat Lawanson ta yi suna wajen rubutu kan talakawan birni da unguwannin da hukuma ba ta sa su a lissafi ba. Saɓani yana nan a cikin fannin kansa. Wasu suna kallon Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku aka kafa, da katangar da ta tare tekun su ce ga ci gaba. Wasu su ce a fara auna abin da ruwan ke yi wa ƙauyukan da ke gabas da katangar. Makarantar Makoko mai yawo a kan ruwa, wadda Kunle Adeyemi ya zana aka gina a 2013, ta sha yabo a duniya, sannan ta rushe a 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi. Har yau ana koyar da ita, wasu a matsayin dabara, wasu a matsayin gargaɗi.

Waɗanne batutuwan birni ne suka fi shafar unguwanninmu?

Sufuri, shara da ruwa. Motocin BRT sun fara a Maris 2008 tsakanin Mile 12 da CMS. Jirgin ƙasa na shuɗin layi ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2 a Satumban 2023, na jan layi kuma daga Agbado zuwa Oyingbo a Oktoban 2024, yana tsayawa a Agege, Mushin da Yaba. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo tana da makaranta sukutum ta nazarin sufuri. Tambayar da na so a ce wani yaronmu ya ɗauka ita ce: mai ɗauke da kwandon kaya da asuba, me jirgin ya canza masa? Yawancin ƙidayar fasinja a kan mai zuwa ofis da jaka ake yin ta.

A shara kuwa, 'yan bola da 'yan gwangwan su ne ke raba ƙarfe, roba da kwali tun kafin a fara kiran abin da sunan zamani, a babban jujin Olusosun na Ojota da cikin unguwanni. Da jihar ta haramta farantan kumfa na zuba abinci a Janairun 2024, ba a rasa masu auna magudanan ruwa ba, amma masu tambayar mai tuwo da mai shayi nawa canjin ya ci musu ba su da yawa. Haka 'yan garuwa: a unguwanni da dama su ne hukumar ruwa ta gaskiya.

Sai ka yi hattara da alƙaluma. Ƙidayar 2006 ta ba Legas mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ƙi amincewa ta ce sun haura miliyan 17. Duk lissafin da aka raba da yawan jama'a yana ɗauke da wannan gardama a cikinsa, don haka ka faɗi wanne ka ɗauka.

Legas ba garin kiwo ba ne. A ina ake binciken dabbobi a nan?

Ba a kiwo sosai, amma a nan ake ci, kuma inda ake ci nan ne ƙarshen duk kuskuren da aka yi a hanya. Jami'ar Legas ta Akoka, wadda aka kafa a 1962, ta fi ƙarfi a nazarin halittu, ƙananan ƙwayoyin cuta da halittun ruwa. Jami'ar jiha tana da makarantar aikin gona a reshenta na Epe. Amma mai son kimiyyar dabbobi da gaske yakan leƙa maƙwabta: Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abekuta, wadda aka kafa a 1988, da Jami'ar Ibadan ta 1948, wadda ke da sashen kimiyyar dabbobi da tsangayar likitan dabbobi. Daga Agege zuwa Abekuta ba nisa, ana zuwa a dawo a yini. A Arewa kuwa ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika kusa da Zariya, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato.

Kada a haɗa biyun. Likitan dabbobi karatun shekara 6 ne, aikinsa cuta da magani da duba nama. Masanin kimiyyar dabbobi karatun shekara 5 ne, aikinsa abinci, iri, haihuwa da tsarin kiwo.

Me ya sa shanunmu ke lalacewa a kurmi, na nan kuwa ƙanana ne amma ba sa damuwa?

Dattawan fatake sun san amsar tun kafin jami'a: ƙudan tsando da sammore. Ƙudan yana son inuwa da laima, yana ɗauke da ƙwayar cutar daga jini zuwa jini, saniya ta yi ta ramewa, jininta ya ƙare. Bunaji, Rahaji da Gudalin Sakkwato, masu tozo, ba su jure mata. Muturu da Ndama, marasa tozo, suna ɗauke da ƙwayar amma jikinsu yana danne ta. Keteku kuwa haɗin Muturu ne da farar saniya, ta ɗauko rabi nan rabi can. Abin da masu bincike ke nema shi ne ainihin ƙwayoyin gadon da ke ba da wannan juriya, ko za a samu saniya mai girman Gudali da taurin Muturu. Akwai cibiya guda a Kaduna da aka kafa musamman don wannan cuta tun zamanin Turawa.

Bayan sammore akwai zafi mai haɗe da laima. A Sakkwato rana ta fi zafi, amma iska busasshiya ce, gumi yana bushewa. A nan ba ya bushewa, dabba ta rage ci, nono ya ragu. Ragon Balami ko Uda da aka kawo Alaba Rago mako biyu kafin Babbar Sallah yana fama da wannan, ga sanyin damina in Sallar ta faɗo a lokacin. Batun hanya kuma na taɓo shi a amsar tirela a sama. An gwada ɗauko shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Oko-Oba a 2016. Dalilin da ya sa abin bai zama ruwan dare ba, shi kansa taken bincike ne.

Ina da 'yan kaji a bayan gida. Akwai binciken da zai rage mini kuɗin abinci?

Akwai, domin abinci ne ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kaji, kuma masara da waken suya daga Arewa ake kawo yawancinsu. An fi ci gaba a kan ɓawon rogo. Masu bincike na cibiyar binciken dabbobi ta duniya, ILRI, da ke harabar cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan sun fito da hanyar gurza ɗanyen ɓawon, a matse, a busar cikin ɗan lokaci, gubar ta ragu, ya maye gurbin wani kaso na masara. Wani kaso na ce, ba duka ba, domin sinadarin gina jiki a cikinsa kaɗan ne. Ana kuma gwada tsutsar wani baƙin ƙuda da ke cin ragowar abinci, a madadin garin kifi. Kada ka gwada sabon haɗi a kan kajinka duka. Ware goma, ka auna su kowane mako.

Ɗalibai sun zo rumfata da takardar tambayoyi. In amsa, ko 'yan haraji ne?

Alhaji, kana da haƙƙin tambaya kafin a tambaye ka. Ɗalibi na gaske yana ɗauke da katin makaranta da wasiƙa daga sashensa mai ɗauke da sunan malamin da ke duba aikin. A kasuwa mai tsari ba a fara aiki sai an gaida shugabanni, Sarkin Hausawa ko Sarkin Fawa ko shugaban ƙungiya, kuma wanda ya tsallake su ya nuna bai san aikinsa ba. Dole ya gaya maka abin da yake nema da harshen da kake ji, ya gaya maka kana iya ƙi, kana kuma iya tsayawa a tsakiya. Ba ya buƙatar lambar BVN, lambar asusu ko hoton katin ɗan ƙasa. Wanda ya nemi waɗannan, a sallame shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana bayanka.

In ka yarda ka amsa, roƙona ɗaya: ka faɗi gaskiya ko ka ce ba za ka faɗa ba. Na taɓa ganin ɗalibi ya koma da lissafin da ke nuna kowane dillali asara yake yi duk mako, saboda kowa ya rage cinikinsa don tsoron haraji. Da irin wannan lissafi ake rubuta wa gwamnati shawara cewa kasuwar ba ta da amfani.

Masu ɗibar jini da yankan hanta a mayanka, me suke nema?

Yawanci abu huɗu: tarin fuka na shanu, bakkale mai sa ɓari wadda ke kama mutum ta ɗanyen nono ko taɓa mahaifa, tsutsar hanta, da ragowar maganin allura a cikin nama. Na ƙarshen ya fi damuna. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a yanka, amma saniyar da aka yi wa allura a hanya don ta iya tsayuwa a kasuwa ba ta samun waɗannan kwanaki. Wanda ya ci, ƙwayoyin cutar jikinsa suna koyon jure maganin. Akwai kuma masu auna gandar da aka babbake da tsohuwar taya, saboda hayaƙin yana barin guba a fata. Mahauci ne farkon wanda wannan bincike ke karewa, tunda hannunsa ne a cikin jinin. Da ciwon saifa ya ɓulla a Suleja a Yulin 2023, mahauta da makiyaya aka fara gargaɗi.

Me ake buƙata kafin a ɗauke ni digiri na biyu?

Ba a bi ta JAMB. Kai tsaye ake nema a makarantar karatun gaba da digiri ta jami'ar. Yawanci ana son digiri mai daraja ta biyu, takardar gama hidimar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamako wanda tsohuwar jami'arka za ta aiko da kanta. Wannan na ƙarshe shi ke ɓata wa mutane shekara, don haka ka fara nemansa kafin a buɗe fom. Mai HND ko digiri mai daraja ta uku yakan fara da difloma ta gaba da digiri. A lura kuma: akwai digiri na biyu na sana'a, akwai na bincike. Na sana'a ya fi sauƙi ga mai shago ko mai aiki, amma ba kowanne ke kai mutum digiri na uku ba. Ka tambaya tun farko.

Wa ke biyan kuɗin binciken?

A gaskiya, yawancin ɗalibai aljihunsu. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa kuma harajin kamfanoni ke ciyar da shi, malaman makarantun gwamnati yake ba tallafi, ba ɗalibi kai tsaye ba. Hanyar ita ce ka samu malamin da ya ci tallafi ka shiga cikin aikinsa. Akwai guraben tallafin karatu na asusun man fetur, wato PTDF, na Commonwealth da na DAAD ta Jamus, sannan wasu jihohi irin su Kano sun sha ɗaukar nauyin 'ya'yansu, sai dai wanda aka haifa a Idi-Araba yakan sha wahalar takardar shaidar asali a can da nan.

Tsadar ta bambanta. Binciken kwamfuta na iya tsayawa a kan laftof, data da wutar caji. Na birni kuɗin mota ne da na masu taya ka tambaya. Na dabbobi shi ne mai cin kuɗi: sayen kaji ko awaki, ciyar da su makonni, ga kuɗin ɗakin gwaji a kan kowane samfuri. Ka yi wannan lissafi kafin ka zaɓi take, ba bayan an amince da shi ba.

Yaya zan zaɓi take, kuma jin Hausa zai amfane ni da wani abu?

Zai amfane ka fiye da yadda kake zato. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda Hausawa ke tafiyar da cinikin shanu da goro a kan amana da bashi, kuma har yau ana karanta shi. Abin da ya ɗauke shi watanni kafin a sake da shi, kai a cikinsa ka tashi. Da ɗan gari akan ci gari. Abokan karatunka za su tsaya a bakin ƙofar kasuwa da tafinta, kai kuwa kawunka ne ke zaune a ciki. Amma wannan kusanci amana ne: abin da aka gaya maka a matsayin ɗa, ba ka sa shi a kundi sai ka nemi izini a matsayin ɗalibi. Duba amsar da na ba Alhaji a sama, duk sharuɗɗan suna kanka kai ma.

Take kuma ya zama ƙarami. “Matsalolin sufuri a Legas” ba take ba ne, kuka ne. “Awa nawa tirelar shanu ke ɓatawa tsakanin Berger da Oko-Oba, kuma a ina” take ne, domin ana iya auna shi. A fannin kwamfuta, ka tabbatar za a ba ka bayanan kafin ka rubuta tsarin binciken da za ka miƙa. Bankuna ba sa buɗe wa ɗalibi rumbunsu, amma ƙungiyar 'yan kasuwa mai littafin adashi tana iya yarda. Sufabaiza kuwa, wato malamin da zai duba aikinka, kada ka bi girman suna. Tambayi ɗalibansa na baya wata nawa babi ke yi a teburinsa.

Duk wannan bincike, me ya sa ba ma ganin komai a ƙasa?

Zargin yana da tushe. Kundaye da yawa a kan kanta suke ƙarewa, domin ana ƙara wa malami girma ne da yawan abin da ya wallafa, ba da yawan makiyayan da suka ji labari ba. Amma akwai abin da ya iso hannunka ba ka san daga ina ya fito ba. Kazar Shika Brown mai ƙwai daga NAPRI ta fito. Kazar FUNAAB Alpha aikin shekaru ne na Farfesa Olufunmilayo Adebambo a Abekuta, aka yi mata rajista a 2018. Ciwon bushiya, wanda ya share garkuna a Arewa a farkon shekarun 1980, an ayyana ƙarewarsa a duniya a 2011, kuma allurar rigakafi ce ta yi wannan aiki. Tambayi duk Bafulatanin da ya haura shekara sittin.

Takardar tambayoyina da Turanci take. In fassara ta kawai in shiga kasuwa?

Ka fassara, sannan ka ba wani wanda bai ga ta Turancin ba ya mayar da ita, ku gwada biyun. Inda suka saɓa, nan tambayar ta karkace. Bayan haka ka gwada ta a kan mutum biyar ko goma kafin ka buga ɗari uku. Tsarin nan na “na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba” ba ya tafiya da dattijo, zai ce maka “to, haka ne” don kunya, kai kuma ka rubuta ya yarda.

Ma'auni ma sai ka sauko da shi. Ba a sayar da tumatir da kilo a Mile 12, da kwando ne, kuma kwandon Kano da na Jos ba lallai girmansu ɗaya ba, don haka ka auna kaɗan da sikeli ka rubuta. Kada ka ce “a watanni 12 da suka wuce”, ka ce daga Babbar Sallar bara zuwa ta bana. Kada ka tambayi makiyayi kai tsaye shanunsa nawa, da yawa ba sa son ƙirga dukiya a gaban baƙo. Tambaye shi 'yan maruƙa nawa aka haifa da damina, nawa ya sayar, nawa suka mutu, ka haɗa lissafin a gida. Lokacin zuwa kuma, a mayanka ka je bayan an gama aikin safe, a kasuwar gwari ka bari a sauke motocin asuba tukuna, ranar Juma'a kuwa ka gama kafin ƙarfe 12.